Bajamushen da Ya Rufe Kabarin 'Yata

Da labarin rasuwar Kaka ya bazu a cikin 'yan uwanmu na Manchester, wayata ba ta huta ba, amma kusan duk wanda ya kira sai ya yi tuntuɓe a wuri ɗaya. Zai fara da "Ashe an yi rashi," ya ɗauko "Allah ya ji..." sai ya tuna ko wane ne ya mutu, ya yi ɗan tari, ya juya ya ce, "Allah ya ba ku haƙuri." Ban ga laifin kowa ba. Ni kaina da na shafe masa ido a asibiti, abin da ya fara zuwa bakina ke nan, na haɗiye shi da ƙyar.

Wani abokina akanta da ke Old Trafford, wanda bakinsa ba shi da birki, cewa ya yi, "Yanzu kai tsakaninka da Allah zaman makoki za ka yi wa sojan Jamus? Wanda ya yi Yaƙin Duniya a wancan ɓangaren? Kai, zaman Turai ya taɓa ka!" Na ce masa ya zo ko kada ya zo, tabarma dai an shimfiɗa. Ya zo kuwa, da katan ɗin ruwa a kafaɗa, ya fi kowa daɗewa. Mata su ba su tsaya muhawara ba, kuloli suka ɗauko suka cika mana falo. Wata dattijuwa da ta zo daga Katsina ganin ɗanta ta dubi idona, ta tambayi maiɗakina ko mahaifin maigidan ne ya rasu. Maiɗakina ta ce, "Kusan haka ne, Hajiya."

Duk yinin nan maiɗakina ba ta yi kuka ba, sai da ta leƙa ƙasa za ta raka wasu baƙi. Takalman masu ta'aziyya ne ta gani a zube a bakin matakala, wannan a kan wancan, wani a kife. Nan ta zauna a kan matakalar ta rufe fuska da mayafi. Baƙin suka tsaya cirko-cirko, ba su san dalili ba. Shekara ashirin da wani abu muna gidan nan, ba a taɓa yin baƙi takalmansu suka yini a haka ba. Kaka ne yake fitowa a hankali ya jera su bibbiyu a jikin bango, manya a gaba, na yara a ƙarshe, kowanne bakinsa yana kallon ƙofa.

Kaka ba danginmu ba ne. Bajamushe ne, shi ne mai gidan da muka kama haya a Whalley Range tun ina uni, irin manyan tsofaffin gidajen nan da aka yayyanka aka yi flat-flat. Shi yana ƙasa, mu muna sama. Na gama karatu, na sami aiki, abokaina duk suka tashi suka koma unguwannin da ake faɗa, ni na ƙi motsi. Yaranmu ne suka sa masa Kaka, muka bi bakinsu, har shi ma in ya buga waya sai ya ce, "Kaka ne." Ya rasu saura kaɗan ya cika shekara ɗari.

Maganar mutane ba ita ta dame ni ba. Abin da ya tsaya mini a wuya shi ne wayar 'yarsa. 'Ya ɗaya gare shi, ta haura saba'in, tana zaune a Birmingham, kuma a doka ita ke da gawar. Ta yi mini godiya cikin ladabi, sannan ta ce ta riga ta yi magana da masu shirya jana'iza, ƙone shi za a yi, ba taro, ba komai, za su aiko mata da tokar. Na ce, "Amma ya ce mini..." Ta ce, "Ya rubuta?" Bai rubuta ba. A lambu ya faɗa mini da bakinsa, yana riƙe da tiyo: "Injiniya, in na mutu a saka ni a ƙasa, kuma mutane su rufe ni da hannu, irin yadda kuke yi. Ban da wuta, ban da motar haƙa." Ni kaɗai na ji, ni kuma ba kowan kowa ba ne a takarda, ɗan haya ne.

Bari in faɗi yadda yake, don wanda bai san shi ba ya gane abin da ya sa ɗan haya ya ɗauki zafi haka.

Dogo ne, siriri, bayansa a miƙe har ya tsufa tukuf. Ko shara zai fitar sai ya yi aski ya ɗaura nakatayi. Hannunsa na hagu babu yatsu biyu, sanyi ne ya cinye su a yaƙi. Hausarsa kalma huɗu ce, amma ya ci moriyarsu: "Sannu da aiki" da "Madalla." Masu kwashe sharar council sannu da aiki, mai kawo saƙo sannu da aiki, likitarsa ma in ta gama auna shi sannu da aiki. Tuwo kuwa da wuƙa da cokali mai yatsu yake cinsa, ya yanka shi gida-gida kamar alkaki, maiɗakina tana cewa, "Kaka, wallahi kana wulaƙanta tuwon nan." Yajinta kuma ya zame masa jaraba, har a dafaffen ƙwai yake barbaɗawa, yana hawaye yana cewa madalla. Bai taɓa zubar da burodi ba. Wanda ya bushe ya jiƙa shi a shayi, wanda ya fi ƙarfin haƙori ya kai wa tsuntsaye.

Lambun bayan gida shi ne masarautarsa. Kabeji, dankali, albasa, daga baya ya ware wa maiɗakina kunya biyu ya shuka mata alayyahu. Alayyahu ya yi, kuɓewa ce ta ƙi shi ƙememe, shekara da shekaru yana gwadawa tana mutuwa, yana cewa kuɓewar nan ta fi ku hankali, ta san nan ba garinta ba ne. Yana da wani tsohon shebur mai ƙotar katako, ta yi sumul don riƙo. Duk ranar da ya yi aiki da shi sai ya wanke shi tas, ya goge da tsumma, ya shafa masa mai, ya rataye a ƙusa. Na taɓa aronsa na mayar da shi da laka a baki. A gabana ya sauke shi ya wanke, ina tsaye kamar wanda aka kama da satar nama a miya.

Faɗanmu na farko a kan wuta ne. Babbar Sallarmu ta farko a gidan, na sayo gawayi da wayar gasa nama zan yi gashi a lambu, sai ga shi ya fito da sauri, abin da ban taɓa gani ba, ya ce, "Ba a hura wuta a gidana." Na yi bayani, na yi lallashi, ya ce a'a. Maiɗakina ta hau sama tana faɗa: "Wane irin mutum ne wannan zai hana gashi ranar Sallah? Mu tashi kawai!" Can an jima sai ga shi yana ƙwanƙwasa ƙofa da makullin flat ɗinsa a hannu, ya ce abin gashinsa na kicin ya fi namu girma, mu yi amfani da shi. A kicin ɗinsa muka gasa naman Sallar shekarar nan da na duk shekarun da suka biyo baya, ƙamshin ya kama labulensa, bai taɓa ƙorafi ba.

A hunturun da ya biyo bayan Sallar nan aka haifa mana 'yarmu ta fari. Bakwaini ce, ba ta kai suna ba ta koma. Mu sabbin zuwa, ba uwa ba uba a kusa, Yayana da ke Birmingham ma lokacin bai zo ƙasar ba. Liman ne da wasu ɗalibai 'yan ƙalilan daga masallacin Old Trafford suka tsaya mini. Ina sauka da safe ban san ma yadda zan kai kaina maƙabarta ba, na tarar da Kaka a bakin ƙofa, baƙar kwat, baƙar hula, ya tayar da tsohuwar motarsa tana ɗumi. Da aka tsaya salla ya ja can gefe ya cire hularsa, ruwa yana dukan furfurarsa.

Na shiga kabarin na kwantar da ita, na fito, daga nan hannuna ya mutu. Wallahi na ɗauki shebur na kasa ɗaga shi. Ƙasar Manchester kuwa yumɓu ce, in ta sha ruwa sai ta dunƙule gunduma-gunduma, ɗaliban nan da takalmansu na zuwa aji sai santsi suke yi. Sai na ga Kaka ya nufi mota, ya buɗe but, ya fito da shebur ɗinsa na lambu. Ashe ya sako shi tun daga gida. Ya cire kwat ya ninke ya miƙa wa wani ɗalibi, ya dubi liman, liman ya gyaɗa masa kai. Mutumin da ya kusa tamanin ya sunkuya yana aiki. Kuma ba zubawa kawai yake ba, kowane dunƙule sai ya fara farfasa shi da bayan shebur ya yi laushi, kada ya faɗa mata da nauyi. Da aka gama ya durƙusa a cikin lakar nan ya bi gefe-gefen kabarin yana dannawa da tafin hannu. Ɗaliban suka ga haka, suka durƙusa su ma.

Ban san tsohon soja ba ne sai bayan shekaru. Ina gyara masa shingen lambu ya ce in ɗauko ƙusa a wani gwangwanin biskit. Ina tonawa sai ga wani baƙin ƙarfe mai siffar gicciye da ɗan ƙyalle a jiki, cikin ƙusoshi da tsofaffin makullai. Na ce, "Kaka, wannan fa?" Ya ce, "Lambar yabo ce. Ƙusa mai tsawo nake so." Na kai labarin wa Yaya, wanda lokacin ya zo yana aikin likita yana zaune a unguwar Erdington ta Birmingham. Mu kuwa gidanmu gidan soja ne, kakanmu ya je yaƙin Bama ya dawo da lambobi, har ya mutu in ya shigo taro sai an sara masa an yi masa kirari. A wurinmu haka ake girmama dattijon da ya ga yaƙi.

Ranar wata ƙaramar Salla, falo cike da baƙi, Kaka yana zaune da farantinsa a cinya, Yaya ya miƙe ya ƙame ya sara masa, ya ɗaga murya: "Namiji uban sojoji! Ka shiga wuta ka fito lafiya! Maza sun gudu kai ka tsaya!" Mutane suna tafi, shi kuma Yaya, don neman suna, ya juya ya fassara masa da Turanci kalma-kalma. Kaka ya ajiye cokalinsa. Fuskar nan ta yi fari fat. Ya miƙe ya ce wa maiɗakina, "Na gode da abinci, 'yata," ya sauka. Yaya ya ce, "To, me na yi kuma? Yabo ne fa!" Makonni Kaka bai hau sama ba, bai karɓi kwanon da ake aika masa ba. Takalman baƙi dai bai fasa jera su ba.

Wata Asabar da hantsi na same shi yana tonon dankali. Bai ɗago ba ya ce, "Injiniya, zauna. Zan faɗa maka sau ɗaya, ka faɗa wa yayanka, kada a sake." Na zauna a kan bokiti.

Ya ce yana da shekara ashirin da biyu aka ba shi laftanar, aka ba shi mutane, a ƙasar Rasha, cikin hunturun da tofin yawu yake daskarewa kafin ya kai ƙasa. Rundunarsu tana ja da baya, aka ce shi ya tsaya a wani ƙauye ya tare hanya har sauran su haye kogi. Ya tsaya, sun haye. "Wannan shi ne abin da suka rubuta da za su ba ni ƙarfen nan," in ji shi. "Ga abin da ba su rubuta ba." Da za su bar ƙauyen, umarni ya zo a ƙone shi, kada abokan gaba su sami wurin fakewa. Shi ya ba da umarnin da bakinsa. Akwai mata a gidajen, da tsofaffi, da yara. Aka fito da su cikin dusar ƙanƙara, aka cinna wa rufin wuta suna kallo. "Wata mata tana riƙe da jariri a cikin bargo. Ba ta yi kuka ba, ba ta zage ni ba, kallona kawai ta yi. A sanyin nan ba mai kwana a waje ya tashi. Na sani a lokacin, ba daga baya na sani ba."

Mutanensa da suka mutu kuwa, ya ce sun yi ƙoƙarin binne su, ƙasa ta ƙi. Ta daskare, shebur yana karyewa a kanta. Sai suka jera su a jikin wani bango, suka cire musu takalma saboda masu rai suna bukata, suka tafi suka bar su a fili. "Ban rufe nawa ba, ban rufe nasu ba. Ko mutum ɗaya ban rufe ba, Injiniya." Ya ci gaba da tonon dankalinsa. Daga ranar na daina yi masa dariyar jera takalma.

Sauran labarin a gutsure na tsince shi. Daga baya an tura shi Faransa, sojan Ingila suka kama shi, aka kawo shi nan arewacin ƙasar fursunan yaƙi, yana aiki a gona. Da aka sallame su bai koma ba. Ya auri wata nas Baturiyar Ingila, ya yi aikin gyaran injuna a masana'anta har ya yi ritaya, matar ta riga shi gidan gaskiya da daɗewa. 'Yarsu ta sha tsokana a makaranta saboda sunan ubanta. Da ta girma ta tsare shi ta tambaye shi abin da ya yi a yaƙi, shi kuma bai iya ƙarya ba, ya faɗa mata kamar yadda ya faɗa mini. Ta tattara ta koma Birmingham. Takan zo sau ɗaya a shekara, ta zauna a bakin kujera da jakarta a cinya, ta sha shayi ta tafi. Ranar da za ta zo tun safe yake goge tagogi.

Ba na rubuta wannan don in wanke shi. Shi ma bai wanke kansa ba, kuma da ya ji ina ƙoƙarin haka da ya daina cin tuwonmu. Ina son mutumin nan, na kuma san abin da ya aikata, duka biyun suna cikina, ban iya raba su ba.

Da na gaya wa Yaya maganar ƙonawa, cewa ya yi, "Ka bar wa 'yarsa abinta mana. Ba addininmu ɗaya ba, ba jininmu ɗaya ba, next of kin, wato magajiyarsa a doka, ita ce. Me za ka je ka ce?" Na ce ban sani ba, amma zan je. Can ya ce zai tambayi malaminsu. Washegari ya kira: malam ya ce salla dai babu, nema masa gafara babu, amma rufe maƙwabci ba wanda ya hana. "Ku taho Erdington, ni zan kai ku gidanta. Dama tsohon nan ban taɓa ba shi haƙuri yadda ya kamata ba." Ina shirin fita sai na ga maiɗakina ta sako hijabi ta riga ni shiga mota. Na ce, "Ke kuma ina za ki?" Ta ce, "Ja mu je, Malam. Kai in ka fara magana sai ka yi lacca."

Gaskiyarta kuwa. A falon matar nan na yi lacca. Na kawo maganar wasiyya, na kawo maganar lambu, na ce mutumin kirki ne. Ta bar ni na gama, sannan ta ce, "Kun san ya ƙone ƙauye?" Na ce mun sani. Ta ce, "To. Mutumin da ya cinna wa gidajen mutane wuta, shi ne zai ce shi ban da wuta? Waɗancan wa ya tambaye su abin da suke so?" Na dubi Yaya, Yaya yana kallon kafet.

Sai maiɗakina ta gyara zama. Turancinta ba irin na ofis ba ne, a hankali take yinsa, tana zaɓen kalma. Ta ce, "Anti, ba mu zo mu ce bai yi ba. Ya yi, kuma wannan tsakaninsa da Allah ne. Ni labarin 'yata zan ba ki." Ta faɗa mata haihuwar da rasuwar. Ta ce, "A wurinmu mata ba sa zuwa maƙabarta. Aka ɗauke ta daga hannuna aka fita da ita, ana ruwa. Ina zaune ni kaɗai, ba abin da nake tunani sai ruwan nan, yana sauka a kanta, ita ko riga ba ta da ita sai ɗan farin ƙyalle. Mijina ya tsaya sallamar mutane a masallaci. Sai na ji ana hawo matakala a hankali. Babanki ne. Bai shigo ba, ya san ba a shiga. Ya tsaya a bayan ƙofa, na leƙa, wandonsa duk laka har gwiwa. Ya ce, 'Yata, an rufe ta sosai. Ni na danne gefen da hannuna. Ruwa ba zai shiga ba.' Ranar ba wanda ya faɗa mini abin da ya shiga kunnena sai shi."

Ban taɓa jin wannan labarin ba. Shekara ashirin da wani abu muna kwana ɗaki ɗaya da matar nan, sai a falon wata Baturiya a Birmingham na ji shi.

'Yar Kaka ta tashi ta shiga kicin. Muna jin butar shayi ta tafasa ta kashe kanta, ba ta fito ba. Da ta dawo idonta ya yi ja, ba ta kawo shayin ba ma. Ta ce, "Ku kun sami kaka. Ni laftanar na samu." Maiɗakina ta ce, "Haka ne, Anti, an cuce ki. Ni dai so nake in san an rufe shi." Matar ta daɗe tana murza zoben hannunta, sannan ta ce, "Ku yi. Amma ba jawabi, ba maganar lamba, kada wani ya tashi ya ce jarumi ne." Yaya ya ce, "Wannan kam, ranki ya daɗe, an daina."

Aka sa rana, council, wato hukumar gari, suka yarda mu rufe da hannu. A ɓangaren da ba na Musulmi ba ne na maƙabartar da 'yata take, tsakaninsu 'yar tafiya ce. Na yi zaton mu huɗu ko biyar za mu kasance. Sai ga motoci. Yaya ya zo da mutanensa daga Birmingham, akantan nan mai baki ya zo da takalmin roba, har da biyu daga cikin ɗaliban da suka durƙusa a laka a wancan hunturun, yanzu duk da furfura a gemu, ɗaya tun daga Leeds. Mai motar haƙa ya kashe injinsa ya jingina yana kallon ikon Allah: baƙaƙen mutane da huluna sun naɗe hannun riga a kan kabarin Bajamushe. Ba mu yi salla ba, ba wanda ya yi jawabi. Na fito da shebur ɗin Kaka daga but, na fara.

'Yarsa ta ce ba za ta zo ba, amma ta zo, tana tsaye can baya da lema. Na je na miƙa mata ƙarfen nan da na ciro daga gwangwanin ƙusa, na ce babanta ya taɓa cewa kada a binne shi da ƙarfen. Ta juya shi a tafin hannu, ta jefa a jaka. Ta ce, "Jikokina za su ji abin da ya sa aka ba shi. Har da ƙauyen." Sannan ta matso bakin kabarin, ta ga kowa yana bubbuga ƙasa da bayan shebur kafin ya zuba. Ta ce, "Me ya sa kuke farfasa ta haka?" Na ce, "Shi ya koya mana." Ta juyar da kai, amma ba ta tafi ba har muka gama, har muka durƙusa muka danne gefe-gefen da hannu.

A hanyar dawowa Yaya ya ce, "To, yanzu me za mu ce masa? Bakina duk ya ƙage." Na ce abin da na iya samu ke nan: ya koma wurin Wanda ya san ƙauyen nan, ya kuma san kabarin 'yata, kuma ba a yi wa kowa zalunci a can. Mu namu mun yi. Yaya ya ce, "Shi ke nan," ya share ido da hularsa.

Da na iso gida na bi ta lambu tukuna, na wanke shebur ɗin, na goge, na shafa masa mai, na rataye a ƙusarsa. Na shigo na tarar an jera takalman baƙi bibbiyu a jikin bango, ban tambayi wanda ya yi ba. Ina hawa matakala a hankali, wandona duk laka har gwiwa, sai ƙofa ta buɗe kafin in taɓa ta. Maiɗakina ce, tun safe tana jira.

Ta ce, "Kun rufe shi sosai?"

Na ce, "Mun rufe shi. Ni na danne gefen da hannuna. Ruwa ba zai shiga ba."